Tayar da Ke Ficewa Daga Rim a Rairayin Tenere

Duk direban da ke bin hanyar Agadas zuwa Bilma ya san akwai wuraren da mota ba ta wuce su sai an rage wa tayoyi iska. Tafiyar ta kai wajen kilomita 600, ta rijiyar Iccen Tenere, ta garin Fashi, sannan a shiga dogayen tuddan rairayi har a isa Kawar, yankin da Bilma take. A rairayi mai laushi, taya mai cikakkiyar iska haƙa take yi. Takan tara rairayi a gabanta, ta yi ta faman hawan tudun da ita kanta ta gina, har cikin mota ya zauna ƙasa. Da zarar an sassauta ta, inda take taka ƙasa sai ya ƙara tsawo, nauyi ya bazu, mota ta hau bisa ta tafi. Dabarar ba ta yau ba ce. Ralph Bagnold, hafsan sojan Ingila da ya ratsa hamadar Libiya da motocin Ford a ƙarshen shekarun 1920 da farkon na 1930, da ita ya hau tuddan da ake cewa mota ba ta hawa, tun kafin ya kafa rundunarsa ta sintirin hamada a 1940.

Sai dai iskar nan da ake fitarwa ita ce ke manne bakin taya da rim. In ba a rage ba, mota ta kafe. In an rage da yawa, taya ta fice. A wannan tsaka mai wuya wata mota ta faɗa, kuma abin da aka yi mata ya isa a bi shi daki-daki, don yawancin masu motocin hanyar nan ba su da kuɗin sayo kayan 'yan tsere daga waje.

Motar da abin da ya same ta

Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, ta wani ɗan kasuwa da ke kai hatsi da sukari da shayi gabas, ya dawo da dabino da gishiri. In an yi mata lodi, aka haɗa da durom ɗin mai da jarkokin ruwa, nauyinta yakan haura tan 3. Shekara da shekaru tana tafiya a kan rim ɗinta na asali, na ƙarfe mai zobe, wanda ake sa wa tif. Masu faci sun san wannan rim ciki da waje, kuma da liba biyu da guduma ana iya ɓare shi a tsakiyar daji. Amma tif ba ya jure ƙaya da zafi, kuma zoben nan in bai zauna daidai ba, yana iya tashi lokacin da ake ba da iska ya yi kisa. Mai motar ya gaji da faci. Ya samu rim ɗin alminiyam na hannu, masu kyan gani, faɗin inci 8, ya sa aka ɗora musu sababbin tayoyi tubles, wato marasa tif, lamba 235/85R16.

A kwalta da kan tsakuwa komai lafiya lau, faci ma ya ragu ƙwarai. A rairayi ne abin ya tashi. Ana cikin tafiya sai a ji ƙara sau ɗaya, iska ta fice gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, rim ya nutse, mota ta karkace. A fili, wannan ɓata lokaci ne kawai. A gangaren tudu, da lodi a sama da mutane a bisa lodin, karkacewar nan tana iya zama kifewa.

Mayar da tayar ya fi ficewarta wahala. Ɗan injin iskan da ake jonawa da batir bai da ƙarfin da zai tura bakin taya ya hau mazauninsa, iskar da yake bayarwa ta gefe take zurarewa. Daga nan direban ya koma ga abin da ya ga wasu na yi, wato a ɗiga fetur cikin taya a jefa ashana, fashewar ta tura bakin ya hau. Dabarar tana aiki, shi ya sa take da haɗari: mutum ya yi sau ɗaya ya dace, sai ya saba. Ana yin ta kusa da durom ɗin mai, nesa da kowane asibiti, kuma babu mai iya auna ƙarfin fashewar. Ni a wurina, ko da ba don komai ba, don a raba yaron mota da ashanar nan ya wajaba a gyara motar.

Direban mutum ne mai lura. Da aka zauna da shi, ya ce kusan kullum tayar gaba ce, kuma ta bakin waje, kuma ko dai lokacin da ya karya sitiyari ne, ko da sassafe jim kaɗan bayan an tashi daga zango. Waɗannan bayanai uku su suka nuna inda za a duba.

Abin da ke riƙe taya

A cikin bakin kowace taya akwai wayar ƙarfe a naɗe, ba ta miƙewa. Inda take zama a kan rim kuwa ba shimfiɗe yake sak ba, yana da ɗan hawa na digiri 5, ta yadda duk lokacin da iska ta tura bakin waje, ƙara matsewa yake yi. Bayan mazaunin, ta ciki, akwai wani ɗan tudu da ya kewaye rim kamar kunyar gona, shi ke tare bakin kada ya koma ciki ya faɗa kwarin tsakiya. Kamfanin Chrysler ne ya fara yaɗa wannan tsari a farkon shekarun 1940, yau kuma in ka ga an buga H2 a jikin rim, ana nufin akwai tudun a gefe biyu. Ke nan abu uku ke riƙe taya: turin iska, gogayyar roba da ƙarfe, da tudun nan. In aka sauko daga bar 2.5 zuwa 0.7 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), turin iska bai kai kashi ɗaya cikin uku na da ba, aikin ya koma kan sauran biyun. Rim mai zobe ba shi da kwari mai zurfi, kuma iska a cikin tif take, shi ya sa ko bakin ya ɗan motsa babu abin da ke faruwa. Tsohon tsarin ya daɗe yana rufa wa direban asiri bai sani ba.

Da aka ɓare tayoyin, laifin farko a fili yake. Masu ƙera taya sun ƙayyade wa 235/85R16 rim daga inci 6 zuwa 7 da rabi. Inci 8 ya wuce iyaka. Tayar a baje take, gefenta ya miƙe tsaye babu tumbi, bakunanta biyu kullum suna neman komawa ciki, iska ce kaɗai ke hana su. Ga shi kuma leɓen rim ya fito fili, duk abin da aka goga shi yake fara samu.

Na biyu sai da aka sa yatsa. Mazaunin ya yi farin kumfa irin na alminiyam da ya sha gishiri, akwai ragowar tsohuwar roba a manne, kuma a rim guda biyu tudun ya sha liba har ya lotse a wurare. Sannan da aka shafa bakin tayar, yatsa ya fito da maiƙo. Mai facin da ya ɗora su baƙin mai ya shafa don su shige da sauƙi. Ruwan sabulu yakan bushe ya bar roba ta kama ƙarfe. Baƙin mai ba ya bushewa, yana nan yana sulɓi, yana kuma cin roba.

Na uku, babu geji, wato abin auna iskar taya, a motar. Da tsinken ashana ake danna bawul, a yi ƙirga a ka, a duba tumbin taya da ido, a ɗan harba ta da ƙafa. Taya mai kaurin gefe irin ta ɗaukar kaya tana yaudarar ido, bambancin bar 1.2 da 0.8 ba ya fitowa sosai, alhali a tsakaninsu haɗarin yake.

Maganar sassafe ita ta fi ba ni sha'awa, domin lissafi ne tsantsa. Direba yakan rage iska da rana tsaka, lokacin da rairayi ya fi laushi kuma taya ta yi zafi. A ce iskar cikinta ta kai digiri 60, aka bar ta a bar 1. A yi zango, dare ya raba, sanyin hunturu ya sauko da ita zuwa digiri 10. Ba tare da huda ko ɗaya ba, geji zai nuna wajen 0.7. Direban ya tashi da asuba yana ganin tayarsa yadda ya bar ta jiya, ya karya sitiyari don ya fita daga zango, nauyin inji ya kwanta kan tayar waje, shi ke nan.

Shawarwarin da aka kawo

Kowa a garejin da aka kai motar da tasa. Maganin asali sananne ne, rim mai matsi wanda 'yan tsere ke kira bidlok: ana ɗora bakin waje na taya a kan leɓe, a danne shi da zoben ƙarfe, a ɗaure da notuna 24 ko 32. Ko babu iska sam bakin ba ya motsi. Tsadarsa ce matsala, ga nauyi, ga notunan da sai an riƙa bi ana ƙara ɗaure su. Ana sayar da zoben kaɗai a yi waldarsa a kan rim ɗin ƙarfe, wanda ya fi araha, amma in mai walda ya kauce ko kaɗan, iska za ta riƙa zurara kuma taya ta riƙa rawa a kwalta. Wani ya kawo zancen rim ɗin motar sojan Amurka, Humvee, mai ɓari biyu da ke matse baki biyun duka. Girman da'irar wannan inci 16 da rabi ne, tayar motar kuwa ta inci 16 ce, ramukansa ba su dace da motar ba, kuma ɗora tayar inci 16 a kan rim 16 da rabi na cikin abubuwan da ke fasa taya a fuskar mai faci. Akwai kuma na kamfanin Staun na Ostireliya, wani ɗan tif mai riga da ake sawa a ciki, a huda masa bawul na biyu, a cika shi da iska mai ƙarfi ya danne bakunan daga ciki. Dabara ce mai kyau, sai dai ba a samun sa a kasuwa kusa, in ya lalace a Fashi kuwa babu madadi.

Shawarar da ta fi samun magoya baya ita ce ta sukuru: a huda leɓen rim a kewaye, a ɗaura gajerun sukuru su shiga bakin taya. Daga masu tseren miƙaƙƙen layi a Amurka aka samo ta, kuma can tana da dalili, don abin da suke tsoro shi ne rim ya juya a cikin taya lokacin tashi. Motarsu ba ta kwana. Turin gefe wani abu ne dabam. In ya yi ƙarfi, sukurun yaga robar yake yi, wani lokaci ya taɓa wayar ciki, daga nan tayar ta tashi aiki. Kowane rami kuma ƙofa ce ta zurarar iska da shigar tsatsa, kuma rim ɗin alminiyam da aka huhhuda yana iya tsagewa daga ramin. Ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan, a motar da ke ɗaukar tan 3 da rayukan mutane.

Gam iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Baƙin ruwan da masu faci ke shafa wa bakin taya aikinsa toshe ƙananan kafofi ne, riƙonsa kaɗan ne. Gam ɗin da ake manna gilashin gaban mota da shi kuwa yana riƙo da gaske, har ya wuce yadda ake so. Ranar da ƙaya ta yaga tayar a daji, aka so ɓare ta a sa faci ta ciki, liba ba za ta iya ba. Naɗa tef mai kauri a kan mazauni don a ƙara masa kauri yana taimakawa na ɗan lokaci, kuma kusan kyauta ne, amma zafin birki da na rairayi yana narkar da gam ɗinsa, ya tattare, ya zama shi ne hanyar da iska ke bi.

Dabarar da na fi girmamawa daga ƙasar Ayislan take. Can masu hawa tsaunin ƙanƙara irin Vatnajökull suna sa tayoyi masu tsayin inci 38 zuwa 44, su rage iska har ƙasa da bar 0.3 don su yi yawo bisa dusar ƙanƙara. Da yawansu ba su da bidlok. Abin da suke yi shi ne su ƙara wa tudun nan tsayi da walda a rim ɗin ƙarfe, a goge shi ya yi sumul, ko a murza rim ɗin a inji a gyara siffar mazaunin ya ƙara matse baki. Mai walda mai hannu zai iya wannan a ko'ina. Sharuɗɗansa dai ba na wasa ba ne. A rim ɗin ƙarfe kaɗai ake yi. Tsayin ya zama ɗaya a kewaye, kuma kaɗan, don in ya yi yawa bakin ba zai haye ba sai da iskar da ta wuce ƙima. Sannan ba a taɓa kusantar da wutar walda ga rim alhali taya na kansa, ko an sace iskar, domin zafi yana sa robar ciki ta fara fitar da iskar gas, tayar ta fashe bayan an ɗauka an gama. An ajiye wannan a matsayin mataki na biyu, in na farko bai isa ba.

Abin da aka yi

An sayar da rim ɗin alminiyam. Da kuɗin aka sayi na ƙarfe tubles, faɗin inci 6, masu tudu a gefe biyu, bayan an duba cewa nauyin da aka buga a jikinsu ya kai na motar. Har ma an samu canji. Mai motar ya ɗan yi jim, don yana son kyan na da, amma da aka ɗora taya ɗaya ya ga yadda gefenta ya yi tumbi ya rufe leɓen rim, bakunan kuma suka manne da mazauni tun ba a ba da iska ba, bai ƙara magana ba.

Sauran aikin na haƙuri ne. An bi kowane mazauni da buroshin ƙarfe da samfefa har tsatsa ta fita, aka shafa fenti marar kauri aka bar shi ya bushe sosai. An wanke maiƙon bakin tayoyin da ruwan sabulu mai ɗumi, aka goge, aka sake wankewa. An sa sababbin bawul gajeru, don dogo rairayi da itace suna fizge shi. Wajen ɗorawa ruwan sabulu kaɗai aka yi amfani da shi, da ɗan baƙin ruwan toshe kafa. An ba da iska har baki biyun suka hau, ba a wuce bar 2.8 ba, wato psi 40, wanda shi ne iyakar da masu ƙera taya suka sa wa zaunar da baki. Bayan an cika su zuwa iskar aiki, an bar motar tana zirga-zirgar gari kwana da kwanaki kafin a rage musu iska karon farko, don robar ta kama. A ƙarshe aka ja ɗan layin farin fenti daga gefen kowace taya zuwa rim. In layin ya rabu biyu, taya tana zamewa ke nan.

Da canjin da ya rage aka sayi geji mai nuna ƙananan lambobi sosai, da tiyo mai baki biyu na ɗebo iska daga safaya. Ƙa'idar da aka yi da direban, don wannan mota da wannan lodi, ita ce: a rairayi kada gaba ta sauka ƙasa da bar 1.2, baya 1.6, kuma a auna da safe kafin a tashi. Ƙasa da bar 1 sai in mota ta kafe, sitiyari a miƙe, da ta fita a mayar da iska. Kwana a yi ta da faɗi. Tudu a sauko shi kai tsaye, ba a karkace ba. Da an hau tsakuwa a tsaya a ƙara iska, ko ana sauri.

An kuma koya wa yaron motar mayar da baki ba da wuta ba. A ɗaga mota da jak a kan katako, a tone ƙarƙashin tayar, a wanke rairayin da ya shiga tsakanin baki da rim, don ƙwaya kaɗan ta isa ta hana shi zama. A cire allurar bawul iska ta samu hanya, a ɗaure tsakiyar tayar da bel ɗin ɗaure kaya a matse har gefunan su buɗe, a jona tiyo daga safayar da aka cika, a sassauta bel ɗin da zarar baki ya kama. Yatsu nesa da leɓen rim.

Tun daga nan tayar gaba ba ta sake ficewa a tafiya ta yau da kullum ba, kuma ba a kai ga waldar tudu ba. An samu ranar da aka rage iska ƙwarai don fita daga wani kwari, tayar ta daki dutsen da rairayi ya rufe, ta furzar da iska, amma bakin bai faɗa kwarin rim ba, ɗan injin batir ma ya mayar da shi. Layin fentin gaba yana nan a haɗe. Na baya ya ɗan gota, alamar direban yana taka totur in mota ta fara nutsewa, kuma an yi masa magana.

Abin da bai warware ba yana baya. Taya mai ƙarancin iska da lodi mai yawa tana lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar kuma zafi take haifarwa a cikin gefenta, inda ido ba ya gani. In aka haɗa da gudu, zaren ciki yakan rabu da roba, tayar ta fashe daga baya, wataƙila a kwalta. Babu rim ko gam ko zoben da ke maganin wannan. Direban yana tsayawa ya ɗora tafin hannu a gefen tayar baya, in bai iya barin sa a kai ba sai ya jira ta huce, ya ƙara mata iska, ya rage gudu. Ya nemi a rage buhu kaɗan daga lodin kowace tafiya. Mai motar ya ce kuɗin mai bai bar masa wannan sarari ba, kuma har yanzu a nan maganar ta tsaya tsakaninsu.